Daminar da Aradu Ta Faɗa wa Kakanku Nomau

Hajo, ke da ƙannenki kun sha jin maganar nan a gutsure, a gidan biki da gidan rasuwa, daga bakin mutanen da ba sa wurin lokacin da abin ya faru. Mahaifiyarku ba ta taɓa son a tayar da ita ba, ni kuma na bi ta a kan haka har Allah ya karɓi abarsa. Yanzu waɗanda suka gani da ido sun kusa ƙarewa, in na yi shiru ni ma, abin da zai rage muku shi ne na bakin mutane. Don haka zan gaya muku yadda kakanku na wajen uwa ya rasu, domin ina tsaye kusa da shi. Ba zan kama sunan ƙauyen ba. Kun san shi, kuma jikokin waɗanda zan ambata suna can suna noman gonakin iyayensu, ba su da laifin komai.

Shekarar zaɓe ce, na biyu a mulkin farar hula. Na gama makarantar horon malamai na dawo Bodinga da takardata, ina jiran a tura ni aiki, aikin ya ƙi zuwa. Waɗanda ke kan aikin ma sai a yi wata da watanni ba a ba su albashi ba. Sabulu da sukari da madara sun ɓace daga kanti, in ka gansu kuwa sai ka tambayi kuɗinsu ka wuce. Ina wuni a shagon ɗinkin Baba a bakin kasuwa, ina sa wa riguna maɓalli, abokaina na wucewa suna ce mini malamin allura. Ana cikin haka, da damina ta sauka, sai ga Liman Sahabi, tsohon abokin karatun Baba, ya zo daga ƙauyensu can bayan Kajiji, a ƙasar Shagari. Ya kwana gidanmu. Da safe suna shan kunu a zaure, ina zuba musu, ya kawo kukansa.

"An gina muna aji, da kwano da ƙyaure na ƙarhe," in ji shi. "Malami guda mutumen Gana na, an kore su farkon shekara. Gudan ya gaji da jiran albashi, ya koma kasuwanci. Yanzu awaki ka kwana ciki."

Ya dube ni, ya dubi Baba. Baba ya gane inda maganar ta dosa.

"Mi za a ba shi?"

"Tuwo, da ɗaki, da godiya."

"Wanga ba aiki ba na, Liman."

Inna tana jin su daga bayan ƙofa, ta ce damina ce, hanyar can ko jaki ba ya sonta. Ni kuwa na gaji da maɓalli. Na ce zan je in riƙe musu ajin zuwa kaka, in takardar aiki ta fito a aiko mini. Baba bai hana ba, bai kuma ce na kyauta ba.

Liman ya riga ni komawa, na bi bayansa ranar kasuwar Kajiji. Har Shagari tafiya ce mai daɗi a a-kori-kura. Garin ya cika da tutoci da motocin siyasa masu lasifika, don mai mulkin ƙasar a lokacin ɗan garin ne, kowa ka gani yana tafe kamar shi aka naɗa. Wahalar daga Kajiji ta fara. Motar 'yan kasuwa da na shiga tana sauka daga kwalta ta kafe a taɓo, muka tura, ta fita, ta sake kafewa, a karo na gaba direban ya kashe ta ya ce kowa ya nemi ƙafarsa. Na ɗauki akwatina na kwano a ka, na bi ayarin masu komawa gida ta cikin gero mai kai wa gwiwa. Takalmina na makaranta, wanda na shafa wa mai da safe, ɗaya ya zauna a cikin laka ban sake ganinsa ba. Da muka isa ƙoramar da ta raba ƙauyen da hanya, na iske ta cika tana gudu, ja wur, tana tafe da kara da rassan itace. Mutane suka tuɓe riguna suka ɗaure a ka suka shiga kamar ba komai. Ni na tsaya a bakin ruwa, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙwaurina ba.

Wani dattijo dogo, mai faɗin kafaɗa, ya riga ya kai tsakiya, ya waiwayo ya gan ni, ya dawo.

"Kai ne malamin da Liman yac ce?"

Na ce ni ne.

"Kawo akwatin. Kama ɗamarata, kada ka dubi ruwa, dubi ƙeyata."

Haka na shiga ƙauyen, riƙe da ɗamarar Nomau, ruwa har ƙirji, ina karanta duk addu'ar da na sani. Da muka haye ya ajiye akwatin ya dubi ƙafata ɗaya mai takalmi, ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar yake ce mini Malam Ƙarami.

Liman ya ba ni ɗaki a gidansa, abinci kuma aka ce gidan Nomau za a riƙa kawo mini, don shi ya nema. Muka kori awaki, muka share ajin. Yara ba sa samuwa sosai, lokacin noma ne, sai in sami 'yan ƙanana da hantsi waɗanda ba su isa riƙe fartanya ba. Abin da ban zata ba shi ne manya. Bayan la'asar, in an dawo daga gona, sai magidanta su zo su zauna kan bencin yara, gwiwoyinsu na taɓa haɓa, su ce a koya musu boko. Nomau ne na farkon zuwa kullum. Manomin albasa ne da rani, ya ce ya gaji da dangwala yatsa a takardar masu mota kamar ɗan kurkuku, yana so ya rubuta sunansa. Hannunsa kamar faranti, fensir ba ya kwana biyu a hannunsa bai karye ba. In ya yi kuskure sai ya ce harafin ne ya juya masa baya. Saboda shi ke zuwa da wuri yana shara, mai gari ya ba shi makullin ajin.

Da zaɓe ya matso, mutanen wata jam'iyya suka aiko da buhunan takin zamani a raba wa ƙauyen. Ciyaman ɗinsu na ƙauyen, wani mai suna Cindo, ɗan'uwan mai gari, ya ce ba za a raba ba sai manya sun zo daga Shagari an yi taro. Ɗakin da ba ya yoyo a garin ajinmu ne kawai, sai aka jibge su a ciki, can baya, muna karatu muna shaƙar warinsu. Wata safiya aka buɗe, aka iske fiye da rabi babu. Kwaɗon ƙofa yana nan lafiya, ba a taɓa taga ba. Kafin azahar an tara mutane ƙofar mai gari. Ba wanda ya ce wa Nomau ɓarawo kai tsaye. Cindo dai ya yi ta maimaita cewa shi bai san komai ba, abin da ya sani makulli hannun mutum guda yake. Aka shiga gidan Nomau aka duba rumbu da ɗakuna, matarsa Ige tana tsaye da tsintsiya a hannu, ba a sami ko ƙwaya ba. Wani ya ce ai mai wayo ba ya ajiyewa a gida. Na ga jijiyar wuyan Nomau ta tashi. Ya miƙe a gaban jama'a, ya ɗaga hannu sama.

"In ni na ɗauki ko awo guda, tarnatsa ta faɗa mini kahin daminag ga ta hita."

Tarnatsa suke ce wa aradu a can. Liman ya tsawata masa nan take, ya ce musulmi ba ya rantsuwa da halitta, ya yi istigfari. Nomau ya yi istigfari, ya cire makullin daga wuyansa ya ajiye gaban mai gari. Amma maganar ta riga ta shiga kunne. Washegari da la'asar ya zo aji kamar yadda ya saba, ya zauna a bencinsa, waɗanda ke zama kusa da shi suka ɗan matsa.

Daga nan ruwa ya ɗauke. Gero ya fara murɗewa, aka fita roƙon ruwa. Ran nan muna aji bayan la'asar sai gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta shigo ta taga. Mutanena suka bar karatu suna hamdala, wani ya ce yau ko an jiƙe ba a yi asara ba. Na ce kowa ya zauna sai ya wuce. Ruwan ya sauko da ƙarfin da ban taɓa gani ba, a kan kwano ba ka jin maganar na kusa da kai. Iska ta riƙa buga ƙyauren ƙarfen nan da bango, tana watso ruwa har kan benci, ga shi ba shi da sakata ta ciki. Nomau ya tashi ya tura shi, ya dafe shi da hannu biyu, ƙafafunsa cikin ruwan da ke kwararowa ta ƙarƙashi. Na taho in taya shi, alli na hannuna. Tsakanina da shi bai fi in miƙa hannu in taɓa shi ba. Ya juyo yana murmushi, ya buɗe baki zai ce mini wani abu.

Ban ji ƙara ba. Mutane suna tambayata ƙarar, ni ban ji ta ba. Fari kawai na gani, fari ko'ina, har cikin kaina. Da na farfaɗo ina kwance a gindin allo, nesa da inda nake tsaye, bakina da ɗanɗanon ƙarfe, ɗakin na warin ƙonannen gashi. Na ga mutane manne da bangon baya, bakunansu a buɗe, ba na jin komai, kamar an tsoma ni cikin rijiya. Nomau yana kwance rigingine a bakin ƙofa, hularsa can gefe, rigarsa ta tsage daga wuya, a ƙirjinsa wani jan zane mai rassa kamar an zana itace. Ruwa na zuba a fuskarsa, idonsa a buɗe, ba ya ƙiftawa. Na rarrafa wurinsa, don ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Na ɗago kai in ce a zo a kama mini shi, sai na ga abin da har yau in na rufe ido nake gani. Magidanta masu gemu, waɗanda suka yi wasan ƙasa da shi, suna fita ta taga ɗaya bayan ɗaya, suna ture juna, don kada su bi ta kusa da shi. Kunnena na dama ya fara buɗewa a lokacin, kuma maganar farko da ta shiga cikinsa, daga bakin na ƙarshen fita, ita ce:

"Ai ya rantse."

Na janye shi daga bakin ƙofa ni kaɗai, na rufe masa ido, na tuɓe rigata na lulluɓe masa ƙirji. Ruwa ya tsagaita, mutane suka taru daga nesa, maza da mata, ba mai matsowa. Wasu suna cewa ba a taɓa wanda tarnatsa ta kashe sai an zuba masa madarar shanu, a aika ruga. Ba wanda ya tafi rugar, ƙorama ta kawo. Ige ta zo da gudu, mata suka riƙe ta ta baya, tana fizgewa. Sai ga Liman Sahabi yana dogara sanda cikin taɓo, da gardawansa biyu a bayansa. Bai dubi kowa ba. Ya shigo ya durƙusa, ya ɗora tafin hannunsa a goshin Nomau ya yi masa addu'a, sa'an nan ya ce a sauke allon katako daga ƙafafunsa. A kan allon muka ɗauke shi, da rubutun darasin ranar a jiki, mu huɗu, har gida. Mutane na darewa suna ba mu hanya fiye da yadda muke bukata. Ni na zuba ruwa, Liman ya yi masa wanka.

Da safe Liman ya yi magana kafin sallar jana'iza. Ya ce aradu halittar Allah ce kamar ruwa da iska, tana faɗa wa kuka, tana faɗa wa shanu, tana faɗa wa masallaci, wace sata masallaci ya yi? Ya nuna ni, jini ya bushe a kunnena na hagu, ya ce ga baƙo nan shi ma ta taɓa shi, shi kuma me ya ɗauka? Mutane suka sunkuyar da kai. Sahun da aka yi bai kai na sallar asuba ba ranar sanyi. Bayan an dawo daga maƙabarta na ji Cindo yana gaya wa wasu, a hankali, cikin muryar mai jimami:

"Mu dai ba mu ce komi ba. Shi da bakinai."

Kafin a yi sadakar bakwai sai ga 'yar Nomau ta dawo gida. Kulu ke nan, mahaifiyarku. Tana aure a wata tunga, ɗan ƙauye da ke kusa, mijin ya sake ta, wai uwarsa ta ce ba za ta iya kwana gida ɗaya da jinin mutumin ba ga damina ba ta fita ba. Ta shigo da ƙullin kaya a ka da jaririya a baya. Hajo, ke ce jaririyar. Ina zaune a ƙofar gidan tare da Liman muna karɓar gaisuwar da ba mai zuwa yi, ta durƙusa ta gaishe mu, idonta a bushe, ta shige.

Kunnen ya dame ni da ciwo, na fita zuwa asibitin Shagari, suka duba suka ce ya fashe, ba zai sake ji ba. Na wuce Bodinga. Inna ta gan ni ta fashe da kuka, ta yi ta shafa kaina kamar yaro. Labari ya riga ni isa, kuma da ƙarin da aka yi masa a hanya. Baba ya ce Allah ya kiyaye gaba, sa'an nan ya gaya mini albishir: wani masaninsa ya samo mini gurbi a makarantar firamare a Dingyaɗi, in je a makon nan kafin a ba wani. Na ce masa geron Nomau ya kusa isa yanka, ba shi da ɗa namiji, kuma na san ba wanda zai taka gonar. Na ce in an kai amfanin gida zan dawo.

"Kai ka haihe shi?" in ji Baba. "Ko kai ka kashe shi?"

Na ce ko ɗaya.

"To mi ad dalili?"

Na dai san ba zan iya tsayawa gaban yara a Dingyaɗi ba alhali na bar mata biyu da gona a garin da ba mai amsa musu sallama. Na koma. Gurbin aka ba wani, ni kuwa sai da na yi shekaru ina koyarwa a zaurukan mutane da ɗinki a shagon Baba kafin gwamnati ta ɗauke ni. Abokan karatuna duk sun riga ni girma a aiki, har na yi ritaya ban kamo su ba.

Ajin nan ba wanda ya sake shigarsa. Sauran takin ma da ke ciki sai da Cindo ya kawo 'yan ɗauka daga wani gari. Na koma koyar da 'yan yaran da iyayensu suka yarda a zauren Liman. Da gero ya isa, ni da gardawan nan biyu muka shiga gonar, Ige da Kulu suna bin mu suna tarawa. Ban iya ba, hannuna ya yi kanta ya fashe, damin da na ɗaure yana kwancewa kafin a kai gida. Kulu ce ke binsa tana sake ɗaurewa. Maƙwabtan gona suna aikinsu ta can, in mun yi musu sannu su amsa ba su ɗago ba.

Ƙarshen shekara muka ji a rediyo soja sun karɓi mulki. Ba a daɗe ba suka fara bin kasuwanni suna fasa ɗakunan ajiya, suna fito da kayan da aka ɓoye. Ranar wata kasuwar Kajiji ina wurin, da mutanen ƙauyenmu da yawa, aka ɓalle wani ɗaki da Cindo ke haya a bayan 'yan hatsi. Buhunan takin nan aka riƙa fitowa da su, da sunan ƙauyen a jikinsu da jan fenti, yadda aka kawo su. Ashe kwaɗon ajin makulli biyu ya zo da shi. Aka sa Cindo a mota. Ni ban tsaya sayen abin da ya kai ni ba. Na kama hanya kusan da gudu, ƙorama ta bushe, na haye ta a ƙasa, zuciyata fes. Na ɗauka yau za a taru a je gidan Ige a ba ta haƙuri. Na sami dattawa a inuwar da suke zama, waɗanda suka riga ni dawowa sun ba su labari. Na tsaya ina haki ina jiran in ji abin da za su ce. Wani tsoho, mutumin kirki wanda bai taɓa rasa jam'i ba, ya gyara zama.

"To, ashe ba taki ba na," in ji shi. "Amma Malam, tarnatsa ba ta kuskure. Allah shi ya san abin da yay yi can baya."

Sauran suka gyaɗa kai. Na tsaya ina dubansu ɗaya bayan ɗaya. Ranar aradu jikina ne ya mutu na ɗan lokaci, amma wannan rana ban san inda zan sa kaina ba. Sun ga buhunan da idonsu. Ba mugaye ba ne, sun ciyar da ni, sun ba ni 'ya'yansu. Amma in suka yarda Nomau ba shi da laifi, sai su yarda sun fita ta taga sun bar ɗan'uwansu cikin ruwa, kuma wannan ya fi ƙarfinsu. Cindo bai daɗe a hannu ba ya dawo, aka je yi masa barka, ya koma sahun gaba a masallaci. Gidan Ige ba wanda ya je.

Bayan Kulu ta gama idda na gaya wa Liman abin da ke raina, ya ce in fara jin ta bakinta. Na same ta a ƙofar gida tana sussukar gero, ke kina bayanta kina barci. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗa. Ta ajiye taɓarya.

"Malam, in tausai na, ka bar shi. Ka yi muna abin da ba wanda yay yi. Ka tahi gida ka auri ɗiyar da ba a nuna ta da baki."

Na ce mata in don aradu ake gudun mutum, ni ma ta taɓa ni, sai a haɗa mu a guje mu tare. Ta dubi turmi. Sa'an nan ta ce:

"Wane kunne ka ji?"

Na nuna na dama.

"To. In san inda za ni tsayawa in ina magana."

A Bodinga gidan ya ɗauki zafi. Inna ta ce bazawara da goyo, alhali ga 'yan mata cike da unguwa. Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba da ke zaune a gidanmu, ta ce ita in aka kawo matar nan za ta kwashe jikokinta. Baba ya bari suka gama, ya kira ni zaure. Mutum ne mai karatu, ban taɓa jin ya yi camfi ba, shi ya sa maganarsa ta fi yi mini ciwo.

"Ni ban ce mutumen ɓarawo na ba. Na san ba shi na ba. Amma kana da ƙanne mata, Umaru. Wa ka zuwa neman su in anka ce ga wadda ag gidan?"

Na ce Allah zai kawo. Ya ce shi ba zai je ɗaurin auren ba, ba zai aika ba. Liman Sahabi ne ya karɓa mini auren. Amma Baba ya ce ɗansa ba ya kama haya yana raye, aka ba mu ɗakin da ke ƙarshen gida kusa da turken tumaki. Kulu tana zuwa gaishe shi kowace safiya, ta durƙusa a bakin zaure, ya amsa da kai, idonsa na kan littafi. In ranar girkinta ce Inna sai ta ce cikinta ba daɗi. Ke Hajo kin fara tafiya, in kika nufi sauran yara sai a kira su a ba su aike. Mahaifiyarku ba ta taɓa kawo mini ƙara ba. Ta rame dai, na gani.

Daminar da ta biyo ba ta yi albarka ba, ita ce ta yunwa. Hadari ya taso da iska da tsawa kamar zai tsaga ƙasa, sai ya yi yayyafi ya wuce. Kuma duk lokacin da ya taso, abu ɗaya ake yi a gidanmu. Gwaggo ta bi yara da gudu tana kwashe su daga ɓangarenmu, mata su shige ɗakin Inna can nesa su ja ƙofa. Kulu ta zauna a tsakar ɗakinta ta rungume ki, don ita ma tsoron tsawar take, fiye da kowa.

Wata la'asar hadari ya haɗu baƙi, irin na ranar nan. Ina tsakar gida ina kwance tumaki in kai su rumfa. Walƙiya na tsaga sama, Gwaggo na ƙwala wa yara kira. Baba ya fito daga zaure ya tsaya, yana kallon yadda ake jan wata 'yar ƙanwata da hannu daga ƙofar Kulu tana kuka. Ya koma zaure, na ɗauka shi ke nan. Sai ga shi ya fito da buzunsa a hammata da carbi a hannu, ya ratsa tsakar gida cikin yayyafin da ya fara, a hankali, kowa na kallonsa ta ƙofar ɗakin Inna. Ya yi sallama a ƙofar Kulu, abin da bai taɓa yi ba. Ya shimfiɗa buzun a bakin ƙofar daga ciki, ya zauna, ya jingina bayansa da ƙyaure. Tsawa ta fashe a kan unguwa har tumakin suka fizge daga hannuna. Baba bai motsa ba. Na matso na tsaya daga waje, na juya kunnena na dama. Na ji ya ce:

"Kulu, miƙo mini yarinyar nan. Ke kuma ki samo mini ruwa in sha."